Sifilin da Na Ɗora wa Baba Ummaru

Nafisa ce ta tono wannan magana. Sabuwar ma'aikaciya ce a ofishinmu na Kaura Namoda, 'yar Shinkafi, mai kaifin kai da saurin hannu. Rannan aka ba ta sabon fom na masu noman rani ta shigar da shi kundi. Ban gama shan furata ba ta juyo da kujerarta ta ce ta ƙare.

"Baba Lawali, wai wanga aiki na kunka kwashe shekaru a kai?" in ji ta tana dariya. "Ai zaɓe na kawai. Lamba, rubutu, kwanan wata, i ko a'a. A latsa a wuce."

Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan. Na ce ta jawo kujerar kusa. Abin da na gaya mata shi nake rubutawa a nan, saboda sauran yaranmu masu ganin aikin ba komai ba ne.

Ofishinmu na haɗakar ƙungiyoyin manoma ne, daga Kaura zuwa Zurmi da Shinkafi. Ba ni ke shiga ƙauye tambaya ba, ba kuma ni ke rubuta rahoto ba. Aikina guda ne. Duk fom ɗin da za a fita da shi sai ya biyo ta teburina, in bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, in yanke irin amsar da gurbin kowace tambaya zai karɓa, in rubuta a babban kundi. Ta haka fom ɗin Banga da na Badarawa ke zama abu ɗaya in an haɗa su. Irin amsoshin kuwa ba su da yawa, yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga su. Wahalar tana wajen sanin wanne ya dace da wace tambaya, da kuma abin da za ka yi ranar da mutum ya ba ka amsar da ba ta shiga ko ɗaya.

Ranar da na fara aiki, Malam Sidi bai bar ni na taɓa kundin ba. Shi ne mai kundi kafin ni, dattijo ɗan gidan malamai daga Zurmi, siriri, mai tsabta har ta yi yawa. Kayan aikinsa rula ce ta katako da gefenta ya cinye, baƙin biro, jan biro, da takardar kabon da yake gogewa da tafin hannu ya mayar cikin fayil kamar wani abin gado. Ya ba ni farar takarda ya ce in ja layuka. Wata guda cur ina jan layi. In layi ya karkace sai ya ɗaga takardar ya duba ta hasken taga, ya miƙo mini in sake. Na tsani mutumin nan a watan farko, yau kuwa da za a dawo mini da shi na yini ɗaya da na ja masa layi har magariba.

Da ya yarda da hannuna sai ya fara koya mini gurabu. Akuya, ɗa, dami, waɗannan cikakkiyar lamba ce, ba a rabin akuya. Faɗin gona da nauyin buhu lamba ce mai ɗigo, don gona tana iya zama eka ɗaya da ɗan wani abu. Suna rubutu ne, kuma a bar masa fili mai yawa, domin mutumin ƙauye in ka rage masa sunan kakansa ka rage shi. Yana faɗi, ina rubutawa a bayan wata tsohuwar kalanda.

Akwai abu ɗaya da ya fi ɗaukar masa lokaci, ni kuma ya fi ba ni dariya. A gurbin lamba, Malam Sidi yana da alamomi uku ban da lambar kanta. In an tambayi mutum ya ce babu, sai a rubuta sifili. In ba a samu mutumin ba, ko an manta ba a tambaya ba, sai a ja ɗan gajeren layi. In kuwa an tambaye shi ya ƙi faɗa, sai Malam ya ɗauki jan biro ya rubuta harafin ha ƙarami, irin na allo, wato mutumin ya yi hamdala.

"Lawali, abin ga uku ba ɗaya ba na," in ji shi. "Wanda bai samu ba daban, wanda ba a tambaya ba daban, wanda yas samu yay yi shiru daban. Ranar da kah haɗa su, ka yi ma wani ƙarya."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san dalilin alama ta uku. Dattijon manomi ba ya faɗin yawan daminsa a gaban mutane. Ya san adadin sarai, tunda da shi ya fitar da zakka. Amma ka tambaye shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu rufin asiri." Wani tsoron baki yake yi. Mafi yawa kuwa kunya ce, kada maƙwabcin da gonarsa ba ta yi ba ya ji ya shiga damuwa. Ni ma na san haka, mahaifina haka yake amsawa. Sai dai a lokacin ina ganin wannan zancen gida ne, bai shafi ofis ba.

Kwamfutarmu ta farko ta zo a bayan wata farar mota, aka ajiye ta a ɗakin Malam aka lulluɓe ta da zane. Sai an tayar da janareta take aiki, kuma kafin ta farka mutum ya yi alwala ya dawo. Ni aka tura koyo, na dawo ina tafiya ina ɗaga kafaɗa. Aikin farko da na yi da ita rajistar manoman Banga ce. Na sa gurbin haihuwa ya zama kwanan wata cikakke, rana da wata da shekara. Dattawan Banga kuwa abin da suka sani shi ne an haife su da kaka, ko shekarar da aka yi fara. Masu cike fom suka rasa yadda za su yi, sai suka riƙa sa musu ɗaya ga Janairu. Da aka buga jerin, Malam ya sa tabarau ya bi shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai, ungozomar Banga ta sha wahala ran nan." Ofis ya kwashe da dariya. Daga ranar na buɗe gurbi na biyu, na shekara kaɗai, da alamar cewa kintace ce.

Lambar waya ma ta taɓa kayar da ni. Na ga lambobi ne jere, sai na sa ta a gurbin lamba. Kwamfuta ta duba sifilin da ke farkon kowace lamba ta ga ba shi da amfani a lissafi, ta share shi. Aka zo kiran shugabannin ƙungiyoyi taro, ba wadda ta shiga. A nan na gane lambar waya suna ce, gurbin rubutu take so, tunda ba wanda ke tara tasa da ta maƙwabcinsa ya ga nawa suka kama. Haka tambayar "Kana da gona?" da na ba gurbin i ko a'a. Wani ya ce ta gado ce ba a raba ba, wani ya ce aro ce, wani ya ce ta matarsa ce shi ke nomawa. Sai da na farfasa tambayar gida huɗu kafin ta zauna.

Waɗannan kurakurai ne masu daɗin ba da labari, ba wanda suka taɓa sai ni. Ina kewar shekarun nan ƙwarai. Ina kewar ƙarar tafireta daga ɗakin gaba, da warin tawada, da yadda muke zama gindin dalbejiya bayan azahar muna gardama kan ko kaza da zabo gurbi ɗaya za su shiga.

Bayan Malam Sidi ya yi ritaya ya koma Zurmi, aka zo da tsarin cike fom a waya. Aka ce in kwashe duk abin da ke babban kundi in mayar sabon tsari, a aika wa masu haɗa manhajar a birni su loda wa wayoyin malaman gona. Na yi aikin da zumuɗi. Da na iso kan alamomin nan uku sai na ga su ne ke jawo ramuka a rahoto, manya kuma ba sa son rahoto mai ramuka. A gaban tambayar "Dami nawa ka girbe bara?" na rubuta: cikakkiyar lamba, dole a cika. Ɗan ƙaramin akwati ne na latsa, ko daƙiƙa biyu bai ɗauke ni ba.

Wata ranar kasuwar Zurmi na biya gaishe da Malam, na nuna masa a waya ina jin kaina. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe.

"To ina gidan hamdala?" ya tambaya.

"Malam, zamani ya wuce nan. Yanzu kowa lamba za shi ba da."

"Kowa?"

"Kowa, Malam."

Sai ya ce a kawo mini ruwa. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga. Gonakin nesa aka bar su da hatsi a tsaye, mutanen ƙananan ƙauyuka suka kwaso 'ya'yansu suka shigo garuruwan da ke bakin hanya. Gab da damina ofishinmu ya samu abu biyu na rabawa. Akwai irin gero mai saurin nuna, na manoman da ke cikin rajista. Akwai kuma tallafin hatsi, na waɗanda ba su girbe komai ba. Manya suka ce a bar kwamfuta ta raba jerin don kada a ce an yi son kai. Duk mai lamba a gurbin dami ya tafi jerin iri. Duk mai sifili a cire shi daga rajistar manoman bana, a kai shi jerin tallafi.

Ma'aikata sun yi ƙaranci, sai aka haɗa ni da Sanusi, malamin gonar da ya cike fom ɗin Badarawa, mu je rabo. Muka isa da hantsi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari, aka ajiye mini tebur, gari ya taru, 'yan gudun hijira suka tsaya daga gefe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, direba kuma ya ce shi kafin la'asar zai juya, ba zai yarda yamma ta same shi a hanya ba. Na karanta jerin iri lafiya. Na ɗauko na tallafi, ina kira ana amsawa, har na kira wani suna: Ummaru.

Jama'a suka shiga kallon juna. Can baya wani ya yi 'yar dariya, aka harare shi ya haɗiye.

Ban san shi ba a lokacin, daga baya aka ba ni labari. Baba Ummaru na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar manoman garin. Gonakinsa na bakin gari ne, don haka ya samu ya girbe. Rumbunansa a jere suke bayan gida, kuma tun da aka fara gudun nan gidaje da dama daga tukunyarsa suke ci. Wannan mutum na kira ya zo ya karɓi sadakar hatsi.

Ya taso a hankali, dogo, da sanda a hannu, ya tsaya gaban teburina.

"Ɗana, wanga layi na su wa na?"

"Na waɗanda ba su girbe komi ba bara, Baba."

"Wa yac ce ban girbe ba?"

Sanusi ya matso yana sosa ƙeya. "Baba, ni nit tambaye ku dami nawa, kunka ce alhamdu lillahi. Wayar kuwa ba ta wucewa gaba sai an sa mata lamba. Shi na nis sa sifili, da niyyar in hwaɗi a ofis, nim mance."

Baba Ummaru bai ko dubi Sanusi ba. Ni ya duba.

"Ashe wurinku wanda yag gode ma Allah shi na wanda bai samu ba?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Laifin ba na Sanusi ba ne. Ni na toshe masa hanya, shi kuma ya bi ta inda ya samu. Gyara gurbin kuwa ba aikin ranar ba ne, sai an rubuta birni, an sake loda wa kowace waya, makonni ke nan. Abin da nake iya yi a wurin guda ne, in goge sifilin in sa lamba. In motar ta tashi ban sa ba, to a takarda Baba Ummaru ba manomi ba ne bana, ba shi da iri, kuma sunansa na nan cikin masu karɓar tallafi.

Sanusi ya raɗa mini, "Malam Lawali, sa mashi ko hamsin mu wuce wurin."

Na riƙe wayar, yatsana a kan gurbin. Tun ranar da Malam Sidi ya miƙa mini rula ban taɓa rubuta lambar da ba a gaya mini ba. Na kasa. Har yau ina tambayar kaina ko ƙaryar nan ta fi abin da ya biyo baya sauƙi.

Na tashi na rusuna. "Baba, ku yi haƙuri, kuskurena na. Mu koma gehe ku raɗa mani a kunne. Daga ni sai ku."

"A'a," in ji shi. "Gaban jama'a kac ce ban da komi. Gaban jama'a za ni hwaɗi."

Mai gari ya ce, "Ummaru, bari mana." Bai bari ba.

Ya juya ya fuskanci mutane. Ya faɗi damin geronsa. Ya faɗi na dawa. Ya faɗi na maiwa, ya faɗi abin da ya fitar na zakka. Idonsa a ƙasa, kamar wanda aka sa ya tuɓe riga a kasuwa. Abin da bai taɓa gaya wa 'ya'yan cikinsa ba, ya faɗe shi gaban mutanen da suka bar hatsinsu a daji. Na ga wata tsohuwa cikin 'yan gudun hijira ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ka rubuta?" ya tambaye ni.

"Na rubuta, Baba."

Sai ya juya wajen waɗanda ke tsaye a gefe, ya dafa ƙirji ya ce, "Ku yahe mani. Ba don in nuna maku nih hwaɗi ba."

Ya karɓi ɗan ƙullin irinsa ya tafi gida. Muka ƙarasa rabon, amma ban san yadda na karanta sauran sunayen ba.

Washegari na rubuta takardar gyara. Na cire dolen, na buɗe wa kowane gurbin lamba zaɓi biyu a gefensa, ɗaya na wanda ba a tambaya ba, ɗaya na wanda ya zaɓi ya yi shiru. Masu manhaja suka yi ta ƙorafi wai zan ɓata musu rahoto, na ce su ɓata shi da sunana. Sannan na fitar da duk mai sifili a yankunan Kaura da Zurmi da Shinkafi, muka bi su ɗaya ɗaya. Da dama sifilinsu na gaskiya ne. Da dama kuma dattawa ne irin Baba Ummaru, waɗanda suka ji an kira su a layin tallafi suka sulale gida ba su ce komai ba. Wasu mun cim musu da iri, wasu shuka ta riga ta wuce.

Na je Zurmi na gaya wa Malam Sidi duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Na zaci zai tuna mini da maganarsa. Ya ce kawai, "Ka yi ma hamdalar gida yanzu?" Na ce na yi. Ya laluba ƙarƙashin buzunsa ya ciro tsohuwar rular nan ya miƙo mini. Tana cikin aljihun teburina, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa da daɗewa, Allah ya jiƙansa.

Da kaka ta zagayo Sanusi ya koma Badarawa da sabon fom. Ya tambayi Baba Ummaru dami nawa, ya ce alhamdu lillahi, wayar ta karɓa ta wuce gaba. Na sha zuwa gaishe shi bayan haka. Yana amsawa da mutunci, yana sa a kawo mini fura, amma har ya bar duniya bai ƙara ce mini ɗana ba. Wannan ya fi duk wani faɗa da aka taɓa yi mini a aiki ciwo.

Da na kai nan Nafisa ba ta dariya. Ta juya ta sake buɗe fom ɗin da ta ce ta ƙare. Ta gangara har tambaya ta tara, buhun albasa nawa ka samu, ta daɗe tana kallon ɗan akwatin dolen da ta latsa. Ta cire shi. Sannan ta juyo, ta sassauta murya kamar wani zai ji mu.

"To Baba, tsakani da Allah, dami nawa na yac ce?"

Adadin yana kaina, gero da dawa da maiwa, ko ɗaya bai ɓace mini ba.

Na ce mata, "Alhamdu lillahi."